Waƙar da Ta Zo Ba Ƙarar Cokali

Salular da autana ya bar mini kafin ya tafi biɗa, wato ci-rani, tana da wani ɗan kuka da take yi idan saƙo ya shigo, kamar na ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Da farko in na ji kukan nan raina fari yake yi. Daga baya ya zama in ta yi shi gabana ne yake faɗuwa. Yaron yana Libiya yana aikin gini, kuma tun da ya tafi ya ɗauki al'adar aiko mini da abin da yake saurare. Yau waƙa, gobe guntun fim, jibi wani littafi da wata mata take karantawa da murya kamar mai ba da labarai a rediyo. A ƙarƙashin kowanne sai ya rubuta ƴan kalmomi, "Baba ga wadda nake ji yanzu," ko "Baba wannan fim ɗin ya yi mini daɗi." Na yi lekol har ƙarshen firamare, ina karanta wannan ba sai na nemi kowa ba. A da yakan haɗa da saƙon murya, wanda yara suke kira bokal, ya gaishe ni, ya gaida uwarsa, ya tambayi awaki. To tun farkon daminar bana muryar ta ɗauke. Waƙoƙi ba su fasa zuwa ba, sun ma ƙaru. Murya ce babu. In na kira ba a ɗauka, can sai rubutu ya biyo baya, wai rezo, wato sabis ɗin waya, ba kyau inda suke. Ni kuma na zauna ina tambayar kaina, rezon da ya iya ɗauko fim tun daga can har ƙauyenmu, yaya aka yi ya kasa ɗauko "ina kwana"?

Uwarsa ta ce ni ne ba na son zaman lafiya. Ta ce, "Malam, ɗiyan ga kullum shina aiko ma da saƙo, mi kaka so kuma? Ga mutane nan shekara guda ba su ji ɗuriyar nasu ba." Taubashina kuwa, wanda muka tashi tare kuma har yau bai gaji da tsokanata ba, dariya ya yi har da buga ƙafa. Ya ce, "Kai dai ba ka sakewa. Tun muna yara in anka ba ka hura sai ka leƙa ƙwarya ko da kunama ciki. Kawo in ji waƙar." Na kunna masa. Bai bari ta kai rabi ba ya zaro tasa salular, ya lalubo, ya kunna. Ita ce, ba bambancin ko numfashi. Ya ce, "Ka gani? Nawa ɗan da ke Kotonu shi ma ita ya aiko min. Ita aka yayi bana. Kwanta da hankalinka, tsoho." Shi a ganinsa ya taimake ni. Bai san ƙara tayar mini da hankali ya yi ba. In waƙar da ta fito daga Libiya da wadda ta fito daga Kotonu abu ɗaya ne, to ina alamar ɗana a ciki? Kowa zai iya turo ta. Wanda ya tsinci salula a hanya zai iya. Wanda ya ƙwace ta zai iya. Abokin da yake rufa wani abu ma zai iya, har ya rubuta "Baba" a ƙasa.

Na san halina. Ni mutum ne da zan ɗaure akuya, in kai bakin ƙofa, in koma in duba igiyar. Nakan sake alwala don ban tabbata na shafi kunne ba. Mutanen gidana sun saba, ba sa ma ɗaga kai. Amma wannan karon ba halina ne kaɗai ba. Na taɓa jin waƙa mai tsabta irin wannan tun ina saurayi, kuma na ga abin da yake ƙarƙashinta.

Ƙauyenmu yana tsakanin Madawa da Buza, a gindin wani tudu mai baƙin dutse. Lokacin da muke tasowa ba a rasa abin ji ba, sai dai kowane sauti an san mai shi. In ka ji lugude mai sauri da safe ka san ƴan matan gidan maƙera ne. In ka ji guga ta bugi bakin rijiya sau da yawa kafin ta sauka, ka san makahon tsohon nan ne na bayan masallaci yake ɗibar ruwan alwala. Kalangun mahauta ranar kasuwa, gangar gayya da damina, jakin baffana da yake kuka kamar ana yanka shi, duk da sunan mai su suke zuwa kunne. Rediyo mai cin kaset ƴan kaɗan ne a garin. Pil, wato batir, in sun yi sanyi sai mu shanya su a rana, mu ɗan cije su, su ƙara mana yini. Kaset in ya kama, a zaro zaren a hankali a naɗe shi da bik ɗin rubutu. In ya tsinke a liƙe da ƙaro, kuma wurin liƙin nan waƙar takan yi tsalle, har mu haddace ta da tsallenta. Na daɗe ina zaton wata waƙa haka mai ita ya yi ta, sai da na ji ta a wani gari na gane ƙaron gidanmu ne ya cinye mata baiti. Kakanmu, wanda ya riski tsohon addinin gidanmu kafin ya musulunta, bai taɓa sakin jiki da rediyo ba. Yakan ce shi ba ya yarda da muryar da ba ya ganin mai ita. Muna yi masa dariya a lokacin. Yanzu ga ni na kai shekarunsa, ina riƙe da abin da ya fi rediyo ɓoye fuska.

Littafi ma haka yake yawo. Ƴan kasuwa sukan shigo da ƙananan littattafan Hausa daga Najeriya, kuma da yake ni na yi lekol, ni ake ba in karanta wa samari a gindin itacen bedi bayan an taso daga gona. Littafi ba ya iso maka sai ya bi hannu da yawa, kuma kowane hannu ya bar shaida. Ga tabon man gyaɗa, ka san ya kwana gidan mai ƙuli. Ga shafin da aka lanƙwasa, ka san nan barci ya ɗauke wani. Sau da yawa shafin ƙarshe ya yage, sai ka taka ka je wurin wanda ya riga ka karantawa ya gaya maka yadda aka ƙare, ya ƙara da nasa. Fim kuwa sai wanda ya je Madawa ranar kasuwa ya shiga rumfar bidiyo. Shi zai dawo ya ba mu labari a tsaye, yana naushin iska, yana kwaikwayon kukan matar da harshen da shi ma bai sani ba. Duk wanda ya ce maka ga abin da nake jin daɗinsa kwanan nan, da ƙafarsa ya zo, da hannunsa ya miƙa maka, kana ganin idonsa. In yana cikin damuwa ka gani. In soyayya ce ta kama shi, tun kafin ya kunna ka sani.

Mazan yankinmu na Adar ba sa zaman gida da rani. Ana gama girbi sai a ɗaura kaya, wasu Najeriya, wasu kurmi. Wana da muke kira Yaya, wanda shi ne ɗan farin Inna, Abijan ya nufa, yana dako a inda ake sauke albasar da take fitowa daga fadamunmu. Bai yi lekol ba, abokan tafiyarsa ma haka, saboda haka kaset ne saƙonsu. Yakan fara da Baba, ya bi baffanni ɗaya bayan ɗaya, ya gaida liman, ya gaida maƙwabta, har jakin nan mai kuka yakan tambaya. In ya gama sai ya ce, "To ga abin da muka ji nan kwanan ga," ya cika sauran kaset ɗin da waƙar da take yi masa daɗi a lokacin. Yadda suke ɗaukar waƙar shi ne su ari rediyo biyu, su haɗa su baki da baki a cikin ɗakin da suke kwana su da yawa, ɗaya tana yi ɗaya tana ɗauka. Saboda haka ɗakin gaba ɗaya yake shigowa ciki. Kana jin ruwan sama a kan kwano, irin ruwan kurmi da ba ya gajiya. Kana jin mai talla tana kira da wani harshe. Kana jin ana buga karta, wani yana tari, wani yana cewa a yi shiru ana ɗauka. A cikin wannan duka kuma akwai cokalin Yaya. Shi bai iya waƙa ba, muryarsa kamar ana jan ƙofar kwano, amma hannunsa ba ya zama. Tun yana yaro yake kaɗa ƙwarya, yake kaɗa ƙotar hauya, har Baba ya gaji da hana shi. A can kuma ya samu cokali da ɗan kofin shayi. Waƙa tana tashi za ka ji shi a bayanta, ƙwas, ƙwas-ƙwas, yana bin kiɗan, wani lokaci yana riga shi.

Yaran yanzu ba za su gane yadda Inna take da Yaya ba. A wancan zamani mace tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kaka ce ta raine shi. In dole ta yi maganarsa sai ta ce "wancan" ko "na wajen tsohuwa". Shi ma a cikin kaset ba ya ware ta, sai dai ya ce a gaida mutanen cikin gida. In kaset ya zo, bayan la'asar ake shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maƙwabta su shigo, ni in zauna kusa da rediyo don ni nake danna ta. Inna kuwa takan zauna a bakin ɗakinta ta ba mu baya, da audugarta da mazarinta, kamar abin da ake yi bai shafe ta ba. Duk tsawon gaisuwar mazarin yana juyawa, firrr, firrr, ba ya fasawa. Amma da zarar waƙa ta tashi sai ya rage gudu. Ni da nake kusa na lura da wannan tun da wuri, don ni dama mai lura da abin da ba a sa ni ba ne. Wata rana na ji tana gaya wa ƙanwarta a madafa, da ƙaramar murya, "Gaisuwa ta maza ta. Kowa na iya cewa lahiya lau ko shina kwance. Ni hannu nika saurare." Sai na gane waƙar nan ta ƙarshen kaset, wadda muke ɗauka ta samari ce, ita ce kaɗai hanyar da take tsakaninta da ɗanta. In cokali yana gudu, ya ci ya ƙoshi. In yana ja, ya gaji ko yana kewar gida. Ba ta taɓa tambayar kowa ba, don ba ta bukata.

Wata shekara Yaya ya aiko cewa ba zai zo noma ba, zai ƙara zama. Ba abin mamaki ba ne, wasu sukan yi haka. Bayan an gama noman fari sai ga wani mutumin wajen Sabon Gida, abokin ɗakinsa, ya kawo kaset. A ƙofar gida ya miƙa shi, ko ruwa bai tsaya sha ba, ya ce mota tana jiransa. Kaset ɗin sabo ne fil, har da ledarsa. Aka taru kamar yadda aka saba. Gaisuwar ta zo gajera, muryar Yaya a ƙasa, ya ce mura ce take damunsa amma lafiya lau. Bai tambayi jaki ba. Sannan waƙa ta tashi. Wallahi tun da nake ban taɓa jin sauti mai kyau irin wannan ba. Kamar makaɗan suna zaune a tsakar gidanmu. Ba shuu, ba ƙara, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Ƴan mata suka miƙe suna rawa. Taubashina ya ce, "Yaya ya yi arziki! Wagga ba ƙaramar rediyo ta ɗauke ta ba." Baba yana murmushi yana gyaɗa kai. Ni ma na ji daɗinta, na mayar da ita baya har pil suka fara ja. Sai can na waiwaya. Mazarin Inna ba rage gudu ya yi ba. Tsayawa ya yi. Hannunta yana sama da zaren, kamar an kira ta daga nesa.

Washegari na saɓi hauya zan tafi gona, ta kira ni bayan rumbu. Ta ce in ɗauko rediyo. Ta ce, "Sa min wajen waƙar." Na sa. Ta sunkuya ta kai kunnenta har yana taɓa ƙarfen.

Ta ce, "Kana jin wani abu bayanta?"

Na ce, "A'a Inna. Ai kyawonta ke nan, ba hayaniya ko kaɗan."

Ta ce, "Ina ɗakin?"

Na ce, "Wane ɗaki?"

Ta ce, "Ɗakin da suka kwana. Ina ruwa? Ina masu tari? Ina cokali?"

Na mayar baya na saurara da kyau. Babu. Na juya kaset ɗin na bi shi har ƙarshe. Babu ko ƙwas ɗaya. Ta miƙe ta ce, "Wagga waƙa ba gabanai anka ɗauke ta ba." Da maganar ta kai kunnen Baba sai ya yi tsaki. Ya ce, "Ke da ba ki tambaya tai, yau ke ta da bincike? Da bakinai ya ce lahiya lau. Haki na cin gona, ki bar mu mu yi aiki." Amma ranar kasuwar Madawa ta ɗauko mayafinta na zuwa biki, ta ce mini, "Wuce mu tahi."

Tashar albasa ba wurin mata ba ne, balle mace mai shekarunta. Manyan motoci a jere, ƴan dako suna gudu da buhuna a kai, warin albasar da ta fara lalacewa yana hawa ido. Muka sami mutumin nan na Sabon Gida a wata rumfa cikin direbobi da dillalai suna shan shayi. Da ya gan mu ya miƙe da sauri har ya zubar da kofinsa. Ya ce, "Inna, lahiya? Ai da kin aiko na zo."

Ta ce, "Wa ya zaɓi waƙar?"

Ya ce, "Shi mana, Inna. Wa zai zaɓa mai?"

Ta ce, "To ina cokalin?"

Ya dube ni, ya dube ta, bai gane ba. Wani dillali mai ƙaton ciki ya ce, "Jama'a, tsohuwa ta zo biɗar cokali tasha! Wa ya ɗauke mata?" Rumfar ta ɗauki dariya. Ni kunya ta kama ni, na ja gefen mayafinta. Ba ta ko dube ni ba. Sai ta buɗe baki ta kira sunan Yaya, sunansa na yanka, a gaban mazan nan duka, ta ce, "Shina da rai?"

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Da farko ma ban gane wanda take nufi ba, don a gida da laƙabi muke kiransa. Dariyar ta mutu nan take. Duk wanda yake rumfar ɗan Adar ne, kowa ya san abin da yake sa uwa ta kira sunan ɗan fari a kasuwa. Dillalin ya sunkuyar da kai. Mutumin Sabon Gida ya durƙusa a gabanta ya cire hula. Ya ce, "Shina da rai, Inna, na rantse da Allah. Buhuna sunka zubo mai daga saman kamyo, babbar motar kaya, ƙafa ta karye sama ga gwiwa. Shina kwance tun kafin ruwan fari." Ya ce ba mugunta ba ce. Ƴan biɗa suna da ƙa'idarsu, tsakanin shuka da girbi ba a aika mugun labari gida, don kada mutane su yar da hauya su shiga damuwa, shekara ta lalace. Sun yi shawara a bari sai an kai amfanin gona rumbu. Yaya a kwance ya yi gaisuwar yana cije haƙora, ko zama ba ya iyawa, balle ya riƙe cokali. Sai suka kai kaset ɗin shagon mai kaset, ya sa musu waƙar da ake yayi daga inji zuwa inji, ta waya, ba ta iska ba. Ya ce, "Mun ce mu sa mai kyau don ku ji daɗi." Inna ta ce, "Kun kyauta. Wace mota ka tashi yau?"

Har gobe ban ga laifin mutanen nan ba. Haka suka tarar ana yi, kuma sau da yawa yin hakan ya ceci gidaje. Amma a wannan karon da an bi ƙa'idar da an yi asara. Baffana ne ya hau saman buhunan albasa ya tafi, ya dawo da Yaya lokacin da gero ya fara fitar da kai. An yi masa ɗori a can ba daidai ba, ciwon ya ruɓa daga ciki. Lokotoron asibitin Madawa ya ce da an jira girbi, da ƙafar ba ta tsira ba, wataƙila har mai ita. Ya tsira da ƙafarsa, sai dai ɗingishin bai bar shi ba har ya tsufa ya rasu. Ranar da aka shigo da shi gida, tsakar gidanmu ta cika. Inna ba ta fito ta gan shi ba. Ta zauna a bakin ɗakinta ta ba mu baya, mazari a hannu ba ya motsi. Aka dafa shayi aka miƙa masa yana kwance a tabarma, ya rame har ba ka gane shi. Ya sha. Sannan ya ɗauki cokalin ya ɗan taɓa bakin kofin, ƙwas, ƙwas-ƙwas. Sai na ji firrr daga bakin ɗaki. Ba ta ƙara kiran sunan nan ba har ta koma ga Allah.

Yau rumfar bidiyon nan ta Madawa babu ita. Inda mai kaset yake zama, wani yaro ne yake cajin salula, yana zuba wa mutane waƙoƙi a ɗan katin da bai kai farce ba, waɗanda ko shekara ka yi ba za ka gama ji ba. Jikokina suna yawo da abu a kunne, kowa da tasa waƙar, ba ka san abin da yake shiga kansu ba. Uwaye suna kiran ƴaƴan fari da suna a waya, har su ce sun yi kewarsu, kuma ban ce wannan laifi ne ba. Abin da yake damuna shi ne komai ya yi tsabta. Littafi ba tabon mai, fim ba mai ba da labari, waƙa ba ɗaki a bayanta. Abin da mutanen Abijan suka sha wahala kafin su yi sau ɗaya, yanzu shi ne kowa yake yi kullum da ɗan yatsa, ba tare da ya yi niyyar ɓoye komai ba. To wanda ya yi niyyar ɓoyewa fa?

Shi ya sa wata safiya na zauna a zaure na danna wurin bokal. Na yi na goge, na yi na goge, don kowanne sai in ji kamar na yi tsauri ko na yi laushi. Wanda na tura a ƙarshe cewa na yi, "Auta, ni na, babanka. Waƙoƙinka suna isowa, na gode. Amma ba irinsu nika so ba. Ka ari salular abokinka ka kunna waƙar cikinta, ka aje taka kusa, ka ɗauka hakanan, cikin ɗakin da kaka kwana. Kuma ka bi ta da bakinka ko baiti guda. In ban ji haka ba, zan san ba kai ka riƙe da salular ga ba." Taubashina yana gefe yana ji. Ya ce, "Ka tura ɗa biɗa, kuma kana so shi koma maroƙi? Wallahi ni aka yi wa haka sai in toshe lambarka." Maganarsa ta zauna mini. In yaron ne da kansa, na nuna masa ban yarda da shi ba, alhali shi ƙauna ce ta sa yake raba abin da yake jin daɗi da tsohonsa. In kuma ba shi ba ne, na sanar da mai riƙe da ita cewa na gane. Daga ranar salula ta yi shiru. Ba waƙa, ba fim, ba rubutu. Uwarsa ta bar cewa ba na son zaman lafiya. Sai na riƙa ganinta tana wucewa ta inda na rataye salular, tana satar kallonta, kamar yadda Inna take yi wa rediyo.

Bayan kwanaki, ina gyaran ƙotar hauya da hantsi ɗan tsakon ya yi kuka. Kafin in miƙe uwarsa ta riga ni, ta kawo mini. Bokal ne, mai tsawo. Na danna. Abin da ya fara fitowa hayaniya ce. Fanka tana ƙara kamar za ta faɗo. Wani yana suya, ana jin mai yana tsalle. Daga waje mota ta wuce, wani ya yi kira da Larabci. Can nesa waƙar ta tashi, siririya, kamar daga cikin gwangwani, maza suna dariya a kanta. Sannan murya ta ce, "Baba, wallahi ka sa ana min dariya." Shi ne. Amma maganar tana fita da wani ɗan fito da ban san shi da shi ba. Ya ce, "Ƙarfe ya kuɓuce wajen aiki ya buge ni ga baki. Haƙoran gaba sun tahi, leɓe sai da anka ɗinke. Na warke yanzu, ina cin abinci, ina zuwa aiki. Na ƙi yin magana don kada Inna ta ji ta tada hankali, ku kuna tsakar noma." Kuna tsakar noma. Yaron da bai taɓa jin labarin tashar albasa ba, ga shi ya faɗi maganar mutumin Sabon Gida. Daga nan ya kama waƙar. Muryar Yaya ce sak, ƙofar kwano, ga fito ya ƙaru a kai. Abokansa suna tafi suna cewa ya ƙara. Uwarsa tana hawaye tana dariya, tana cewa, "Giɓi! Ɗiyana ya yi giɓi, wa za ta aure shi hakanan?" Ba ta ce mini na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Da azahar dai ta dama mini fura ta ajiye a gabana, ta ce, "Leƙa da kyau, Malam. Ba kunama."

Waƙoƙin nan masu tsabta suna nan cikin salula, ban ƙara buɗe ko ɗaya ba. Wannan mai hayaniyar nake kunnawa, in kai kunnena har ya taɓa gilashin. Jiya da na sake saurare, na ji abin da ban ji ba da farko. Can ƙuryar ɗakin, bayan fanka, bayan masu tafi, wani yana tari, tari mai nauyi daga ƙirji, kuma shi bai yi dariya tare da su ba. Ba na autana ba ne, na san nasa. Amma ɗan wani ne, kuma wataƙila gidansu waƙa mai tsabta ake aika musu. Na tura wa auta bokal na ce ya gaya mini mai tarin nan ɗan wane gari ne.